Baturen da Bai Yi Sallama da Uwarsa Ba

Kun sha tambayata abin da ya sa nake ajiye da wannan tsohon kaset a cikin kabad ɗin littattafaina, alhali ko na'urar da za ta juya shi ba ta saura a gidan nan ba. Da hutun bara ɗayanku ya binciko fim ɗin a waya, kuka taru a falo kuka kalli rabinsa, kuka yanke masa hukunci cewa shirme ne. Ban yi muku musu ba, domin shirmen ne. Sai dai akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a gidan nan, ita nake so in gyara tun ina da sauran numfashi. Wai kakarku Inna ce ta hana ni tafiya Turai, wai da ba don ita ba da a can aka haife ku kuna magana ta hanci. Ba haka aka yi ba. Kuma ba zan iya faɗa muku yadda aka yi ba sai na bi ta kan fim ɗin nan, don haka ku yi haƙuri da ni da Baturena.

Shekarar da sojoji suka koma bariki ne, wannan karon na ƙarshe, aka miƙa mulki ga farar hula ana dab da saukar damina. Wanda bai ga Katsina a watannin nan ba ba zai gane irin iskar da ke kaɗawa ba. Kowa ya tashi da mafarkinsa. Abokin da jiya kuke cin ƙosai a takarda ɗaya, yau ya zama kansila, har ya koyi tafiyar ƙasaita. Wasu malaman makarantarmu suka ajiye alli suka ɗinka manyan riguna. A majalisar ƙofar gida ba a maganar komai sai za a yi, za a yi: za a kawo ruwa, za a daina ɗauke wuta, ƙasashen da suka juya mana baya za su sake buɗe mana ƙofa. Ni malamin Turanci ne a wata makarantar sakandare, ba ruwana da siyasa, amma iskar ta taɓa ni ta wani gefe. Wani gidan rediyo na ƙasar Turai mai sashen Hausa ya nemi masu fassara, na je Kaduna na yi jarrabawa kamar da wasa, sai ga shi an kira ni a wayar ofishin shugaban makaranta an ce an ɗauke ni. Aka ce in taho da iyalina kafin sanyinsu ya shigo. Iyalin nawa a lokacin duka-duka mahaifiyarku ce Hajara, sai yayarku Zainab da ke goye.

Ba zan ɓoye muku ba, na so tafiyar nan so mai tsanani. Tun ina yaro, a ɗakin kakata akwai wata kalanda da shekararta ta daɗe da wucewa, ba a cire ta ba saboda tana rufe wata tsaga a bango. A jikinta akwai hoton wata gada a kan kogi, fitilu sun jeru a gefenta, wani mutum da lema yana tsallakawa. Da rana in an kore mu daga wasa an ce mu kwanta, ita nake zuba wa ido har barci ya ɗauke ni, ina tunanin inda mai lemar nan zai je da abin da zai tarar a gida. Da aka kira ni a waya sai na ji kamar shi ne ya waiwayo ya yafito ni. A makonnin nan ina tuƙa babur ɗina a cikin lungunan birni amma rabin hankalina yana kan wancan kogin. Nakan tsaya a gaban allo da alli a hannu, in manta abin da zan rubuta, sai dariyar ɗalibai ta dawo da ni.

Abu ɗaya ya rage, shi ne izinin Inna. Mahaifinmu ya riga ya rasu, magana tata ce. Ni kuwa na san ko jirgin sama ya zo ƙofar gida ya durƙusa, ba zan sa ƙafa ba sai ta ce je ka. Matsalar ita ce ni ne ɗan farinta. Ku 'yan yanzu da uwayenku ke ƙwala muku kira tun daga ƙofar gida har maƙwabta su ji, ba lallai ku gane wannan ba. Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba. Tana yaye ni kakata ta ɗauke ni, na tashi ina ganinta kamar wata babbar yaya mai tsare gida. In dole ta ambace ni, sai ta ce da ƙannena "yayanku". Da safe in na je gaisuwa nakan durƙusa daga bakin ƙofa, ta amsa a taƙaice tana kallon wani wajen. Ba ƙi ba ne, kunya ce irin ta mutanen da, kuma ita ta riƙe tata da ƙarfi fiye da sa'o'inta. Muna gida ɗaya a Ƙofar Marusa, katanga ɗaya ta raba sashena da nata, amma maganarmu sai ta zagaya ta bakin goggonku Saratu, autarmu, wadda a lokacin ta gama makarantar koyon jinya tana jiran aiki. Ita kaɗai ke iya faɗa wa Inna komai ta kwana lafiya.

Ranar da na je da maganar, Inna tana zaune a tabarma tana tsinke zogale. Na gaishe ta, na faɗa wa Saratu abin da ke tafe da ni, alhali duk mu ukun muna jin juna.

"Inna, Yaya ya ce ya samu aiki ƙasar Turawa," in ji Saratu. "Zai tahi da su Hajara. Yana neman ki ba shi izini."

Inna ba ta ɗago ba. Ta ƙarasa reshen da ke hannunta, ta ɗauki wani.

"Ce mashi na ji."

Shi ke nan. Mako ya zo ya wuce, wani ya biyo shi, ruwan farko ya sauka, gari ya ɗauki ƙamshin ƙasa, "na ji" ba ta zama "to" ba, ba ta kuma zama "a'a" ba. Na aiki Saratu ta bugi cikinta, ta dawo ta ce Inna ta ce ta ji labarin ƙasar nan: sanyinta na kashe mutum a tsaye, ba a jin kiran salla, kuma maƙwabci na iya mutuwa ya kumbura ba wanda ya leƙa shi. A nan ne dabara ta zo mini, irin dabarar malamin makaranta da ya yarda ba abin da allo ba ya warwarewa. Na ce ai gani ya kori ji. Bari in nuna wa Inna ƙasar Turawa da idonta, ta ga tituna a share, ta ga mutum da matarsa da 'ya'yansa suna tafiya cikin mutunci, hankalinta ya kwanta.

Na je shagon wani mai ba da hayar kaset a bakin kasuwa na ce masa ina son fim na iyali da ake nuna garuruwan Turai. Ya laluba can ƙasa ya zaro wani da ya yi ƙura, tun a wancan lokacin ma tsoho ne. A bayan kwalinsa ga wani Bature dogo da matarsa da 'ya'ya biyu, sun tsaya da akwatuna a gaban wani gini mai kyau, kowa na murmushi.

"Hutu suka tahi wata ƙasa, Malam," in ji shi. "Tsab yake."

"Babu abin kunya a ciki? Tsohuwata za ta gani."

"Ko liman ka kai mawa."

Abin da na tambaya ke nan, abin da ya amsa mini ke nan. Ban ce a saka mini in gani ba. Na yi cinikin biri a sama, na rataya shi a babur na yi gida ina jin kaina mai hikima.

Ranar Asabar bayan Azahar aka kawo wuta. Muka ɗauko talabijin da bidiyo daga ɗakina muka kafa a rumfar ƙofar ɗakin Inna. Kafin a gama haɗa wayoyi matan maƙwabta sun cika tabarmi, Hajara ta zauna daga gefe da Zainab a cinya. Ni na ja kujera 'yar tsugunno kusa da akwatin, domin ni ne tafinta. Inna ba ta fito ba. Ta zauna daga cikin ɗaki, an ɗage labule rabi, carbi a hannunta, wai ita ba kallo take ba.

To, ga fim ɗin, tunda rabi kuka gani. Wani magidanci ne mai son iyalinsa, wanda ya ƙudura sai ya nuna musu duniya ko suna so ko ba sa so. Tun daga ƙofar gidansa abin ya fara: ya ce shi kaɗai zai ɗauki akwatunan kowa, ya jera su har suka rufe masa fuska, ya taka abin wasan ɗansa ya gangara matakala, akwatunan suka bi shi ɗaya bayan ɗaya suna sauka a kansa. A jirgin ƙasa lemarsa ta buɗe da kanta ta kwashe hular wata tsohuwa. A otal gadon da aka ba shi irin mai naɗewa ne, yana kwanciya ya haɗiye shi, ƙafafu kaɗai ake gani suna harbin iska. A wani ƙauye dinya, wata ƙatuwar agwagwa, ta kore shi ya haye tsani, tsanin ya kwanta da shi a cikin kek ɗin bikin mutane. Kuma duk garin da suka sauka, in dai akwai ruwa, kogi ne ko tafki ko ɗan kwarmin da aka gina don ado, to sai ya faɗa ciki da rigarsa da takalmansa. In za a tambaye ni a matsayin wanda ya kalle shi fiye da yadda ya kamata, zan ce farkonsa yana da daɗi ƙwarai, domin mutumin ya iya faɗuwa, kuma faɗuwa ma sana'a ce. Yakan ɗan tsaya a iska da fuskar mai neman a ba shi uzuri kafin ya tafi ƙasa. Daga tsakiya ne suka rasa abin yi suka shiga maimaita kansu. 'Ya'yan ba su da wani amfani sai tura baki. Gwanar fim ɗin ita ce matar, wadda ba ta faɗi ko sau ɗaya ba, aikinta kawai ta rufe ido ta ja numfashi, ta miƙa masa tawul. Duk macen da ke rumfar nan ta gane wannan jan numfashin ba tare da na fassara ba.

Ai kuwa tun gangarowar matakala rumfa ta kaure. Wata maƙwabciyarmu ta yi dariya har ta kwanta a jikin ta kusa da ita. Mahaifiyarku, da ke ƙoƙarin kama kanta a gaban suruka, ta cusa fuska a bayan Zainab kafaɗunta na rawa. Ni kuwa gumi ya wanke ni. Na kawo shaidar da za ta wanke ƙasar Turawa, ga shi tana ba da shaida a kaina. Garin neman gira zan rasa ido. Na shiga fassara da muryar mai karanta labarai, ina cewa ku dubi tsabtar titin, ku dubi yadda jirgin ya zo a kan lokaci, ba wanda ke saurarena.

Amma wani abu ya faru da ni a zaunen nan da ban shirya masa ba. Can wajen tsakiya na daina kallon mutumin, na koma kallon abin da ke bayansa. Yana ta fafutuka a cikin kogi, ni kuwa idona na kan gadar da ya faɗo daga kanta, da gidajen da suka jeru a gaɓa masu tagogi dogaye, da wata mata da ta fito barandar bene tana shanya. Kalar kaset ɗin ta koɗe, komai ya yi ruwan zuma kamar hasken bayan La'asar. Akwai wurin da jirgin ƙasa ya ratsa tsakanin duwatsu masu farin kai, aka saki wani kiɗa mai sanyi, na ɗan lokaci ba wanda ya faɗi. Na ji dariyar mata ta yi nisa. Na ga kaina a kujerar taga da jaridar da ban karanta ba, Hajara na gyangyaɗi a gefena, ƙasa na wucewa kore shar. Ban san na yi shiru ba sai da Saratu ta taɓa ni ta ce Inna na magana.

"Tambayi yayanku," in ji murya daga bayan labule, "wa suka je gaisarwa a can?"

"Ba kowa," na ce da Saratu. "Hutu suka je."

"Ba su da ɗan'uwa a garin? Ba biki, ba gaisuwar mutuwa, ba fatauci?"

"Babu. Kallon gari kawai."

Baturen ya shiga wata ƙofa mai juyawa ta ƙi sakin sa.

"Ina uwar shi?"

Na ce ba a nuna ta ba.

"Da zai hita gida, bai je ya yi sallama da ita ba?"

Na ce ban ga an nuna ba. Saratu ta maimaita, kamar Inna ba ta ji da kunnenta ba.

"To shi ya sa," in ji Inna. "Mutum da ƙahwa biyu da ido biyu ba ya hwaɗuwa haka banza. Wannan ya bar gida ran uwar shi bai kwanta ba. Ku bar yi mashi dariya, ɗan mutane ne."

Matan suka ɗan tsagaita don kunya, sannan dinya ta fito, dariya ta sake ɓallewa. Ni dai na san an gama da ni. Da fim ya ƙare na tashi zan kwashe kayana, sai Saratu ta ce Inna ta ce a bar su nan.

Kwanakin da suka biyo baya na yi su kamar mai zazzaɓi. Mutanen rediyo suka sake kira suna tambayar ranar tasowata, na ce ana shiri. Mai shago ya gaji da aiko mini, ƙarshe na saye kaset ɗin gaba ɗaya. In na dawo daga makaranta da rana, in akwai wuta, nakan jiyo kiɗan fim ɗin yana tsallako katanga a hankali, ba dariya ko ɗaya tare da shi. Saratu ta ce mini Inna ke sa ta ta saka, ta zauna ita kaɗai a gaban akwatin, ba ta neman fassara. Duk sanda mutumin zai faɗi sai ta ce "Subhanallahi," wani lokaci har ta miƙa hannu. Ta ce abin da ya fi damunta shi ne mutanen garin da ke tsaye suna kallonsa, ba mai cewa sannu. Ni kuma nakan kwanta a ɗakina ina jin kiɗan nan na jirgin ƙasa, ruwa na sauka a kan kwano, in lumshe ido in bi shi har cikin duwatsun. Muna kallon fim ɗaya ni da mahaifiyata, katanga a tsakaninmu, kowa da abin da yake gani a ciki.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci Saratu ta leƙo ta ce Inna na kira. Na je na durƙusa a inda na saba.

"Ce mashi ya shigo," in ji Inna. Da na shiga na zauna a ƙasa, sai ta ce da Saratu, "Ke kuma ba mu wuri."

Saratu ta dube ni, na dube ta. Tun da nake ban taɓa zama a ɗaki daga ni sai Inna ba. Labule ya sauka. Ɗakin na ƙamshin turaren wuta da man zafi. Na kafa idona a kan tabarma, ina jin ƙarar carbinta.

"Mannir."

Na ɗauka wani ne ya yi sallama a waje. Sunana ne, na ji shi a bakin malamai da abokai da ɗalibai, amma ban san haka yake ba sai ranar. Ta faɗe shi a hankali, kamar mai taka wurin da ba ta tabbatar da ƙarfinsa ba.

"Rannan da ana kallo, kowa na kallon Bature, ni kai nike kallo," in ji ta. "Na ga idonka. Kai ka riga ka tahi, gangar jiki ta rage. In na riƙe ka, wata rana za ka tahi ba da son raina ba, ka je kana hwaɗuwa a garin mutane suna yi maka dariya, ba mai ɗaga ka. Ban iya wannan. Ka tahi. Na yarda har cikin raina. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya sa ƙahwarka ta tsaya duk inda ka taka."

Na ce amin.

"Saura abu guda. Tahiya ce mai nisa, ni kuma na kwana biyu a duniya. In akwai abin da na yi maka, ka yahe mani. Ban ɗauke ka ba, ban yi maka wasa ba, ban kira ka ba. Haka muka tarar ana yi. Ba don babu ba ne."

Ban san abin da na ce ba. Na san dai na fito ban ga hanya sosai ba, na wuce Saratu a rumfa ba tare da na amsa tambayarta ba. Na samu abin da na yi makonni ina nema, an ba ni shi cikakke, da albarka a kai. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado ina jiran farin ciki ya zo, bai zo ba. Abin da na gane shi ne, matar da ta riƙe bakinta tun ranar da ta haife ni ba za ta sake shi don tafiyar da ake dawowa a tarar da juna ba. Ita a ranta sallamar ƙarshe ta yi da ni. Ta ɗauki abin da ya fi mata tsada ta ba ni guzuri, don kada in faɗa kogin mutane.

Na yi kwanaki ina juya abin. Na yi istihara. Ba wanda ya ce mini zauna, ku riƙe wannan da kyau, domin shi ne dalilin rubutun nan. Kawai dai duk sanda na lumshe ido na hau jirgin nan nawa, sai in ga tagar ta daina nuna duwatsu, tana nuna mini wata tsohuwa zaune ita kaɗai a gaban talabijin tana miƙa hannu. Ranar Litinin na shiga ofishin shugaban makaranta na roƙi aron waya, na ba mutanen rediyo haƙuri. Baturiyar da ta ɗauka ta tambaye ni ko wani abu ya faru, na ce a'a, lafiya lau. Ta tsaya jiran ƙarin bayani, ni kuwa duk Turancin da nake koyarwa ban samu wanda zai ɗauki maganar ba.

Mahaifiyarku ba ta ji daɗi ba, kuma tana da gaskiya. Ta riga ta zagaya dangi ta yi sallama, ta rabar da rabin kayan ɗakinta. Ta yi kwana biyu ba ta ce mini komai ba sai "ga abinci". A na ukun ta tsaya a kaina ta ce, "To Malam, tunda an fasa, sai ka je gidan Yaya Binta ka karɓo mani turmina, ni ban da idon da zan tambaye ta." Na je na ɗauko shi a bayan babur, unguwa na kallona.

Kada ku ce ban yi asara ba, na yi. Wanda aka ɗauka a madadina na sha jin muryarsa da safe ina ɗaura igiyar takalmi zan tafi aji, kuma ba kullum nake iya barin rediyon a kunne ba. Ban taɓa ganin gadar nan ba, ban taɓa shiga jirgin da ke ratsa duwatsu ba, yanzu kuwa gwiwa ta ƙi. Abin dariyar shi ne Inna ba ta tafi ko'ina ba. Ta rayu har muka tashi muka dawo nan unguwar Kambarawa da ita, har ta ga auren Zainab, kun san ta da kanku. Da na tafi na yi shekarun da aka ɗiba mini na dawo, da na same ta tana tsinke zogalenta. Akwai ranakun da wannan lissafin ya ci mini rai, na yi ta jin haushin kaina. Amma wanda ya zauna a tabarmar nan ranar Juma'ar nan bai san gaibu ba, da abin da ya ji ya yi aiki, kuma in aka mayar da ni can yau ban ga yadda zan yi dabam ba.

Da na dawo daga buga wayar, da yamma na je na durƙusa a bakin ƙofa inda na saba. Saratu na zaune tana yanke farce. Na ce ta faɗa wa Inna na fasa tafiya. Saratu ta saki baki, sannan ta juya ta maimaita.

Inna tana kallon bango.

"Ce ma yayanku ni ban hana shi ba."

"Ya sani, Inna."

"Ce mashi ya sa na ɓata bakina a banza."

Na ce a ba ta haƙuri. Ta ce shi dai ya sani, ta ja carbinta, na gane an sallame ni. Na tashi na tafi sashena da zuciya a cunkushe, ina cewa ko ita ma ban faranta mata ba. Daga ranar ba ta ƙara faɗin sunana ba har ta koma ga Allah.

Sai bayan rasuwarta, muna zaune da Saratu bayan an watse daga zaman makoki, take gaya mini abin da ban sani ba. Ta ce tun daga Juma'ar da Inna ta ba ni izini, abinci ya daina wuce mata. Sai ta sa a zuba, ta taɓa loma ɗaya, ta tura kwanon ƙarƙashin gado, ta kuma yi wa Saratu kashedin kada in ji, don kada in ce saboda ita zan zauna. Ta ce a yammacin da na ce na fasa tafiya, ina fita Inna ta kasa kunne har ta ji na rufe ƙofar sashena. Sannan ta ajiye carbi ta ce, "Auta, akwai sauran tuwon rana?" Saratu ta ɗumama ta kawo mata. Ta cinye tas, ta suɗe hannu, ta ce a ƙaro.